Ɗinki da Takardar Yanka: Abin da Take Yi wa Mai Keke a Gida da Abin da Ba Ta Yi

Tun da wayar hannu ta shigo da darussan ɗinki har tsakar gida, mata masu keke suna yawan cin karo da wani abu da ba su saba gani a shagon telan unguwa ba. Sai a nuno mace a Amurka ko Jamus ta buɗe ambulan, ta zaro takarda shara-shara mai cike da layuka, ta shimfiɗa a kan yadi, ta kafe da fil, ta bi gefenta da almakashi. Kafin bidiyon ya ƙare, ga riga ta fito. Daga nan magana ta rabu. Wasu sun ɗauka duk wadda ta mallaki wannan takarda ta huta da zirga-zirgar shagon tela, ta huta da alkawarin jajibirin Sallah. Wasu teloli suna ganin kayan aikin wanda bai iya yanka ba ne. Akwai ma waɗanda har yanzu suke zaton hoton salo ake nufi, irin wanda ake nuna wa tela a waya a ce masa ga irin ɗinkin da ake so. Ya kamata a warware zancen tun kafin wata ta sa almakashi a leshi mai tsada.

Mece ce takardar yanka?

Abin da masu koyar da ɗinki ke kira fatan, wanda a nan za mu kira takardar yanka, shi ne siffar kowane ɓangare na riga an zana a takarda daidai da girman da zai kasance a jikin yadi: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu. Hoto yana nuna yadda riga za ta fito bayan an gama. Takardar yanka tana nuna inda almakashi zai bi.

Iri biyu ce. Akwai wadda tela ke zanawa da kansa bisa awon mutum ɗaya. Akwai kuma ta kasuwa, wadda kamfani ya zana bisa awon wani jiki da ya ɗauka a matsayin matsakaici, ya ƙara ya rage zuwa lambobi daban-daban, ya buga da yawa ya sayar. Ta biyun ce muke magana a kai. A gaban ambulan ɗinta akwai hoton rigar, sau da yawa da salo biyu ko uku da ake iya fitarwa daga takarda ɗaya. A bayansa akwai jadawalin awo, da yawan yadin da za a saya, da irin yadin da ya dace, da ƙananan kaya kamar zif da maɓalli. A ciki akwai takardar kanta, da wata takardar bayani mai nuna yadda za a jera ɓangarorin a kan yadi da matakan haɗawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kalmomi kaɗan da sai an san su. Alawus, kamar yadda teloli ke faɗa, shi ne rarar yadin da ake bari tsakanin bakin yanka da layin da allura za ta bi. Sakewa ita ce rarar da aka bari tsakanin jiki da riga don mutum ya iya numfashi, ya zauna, ya ɗaga hannu. Dat shi ne ɗan ninkin da ake ɗinkewa mai tsini don shimfiɗaɗɗen yadi ya bi tudun ƙirji ko lanƙwasar ƙugu. Layin zare kuwa doguwar kibiya ce da aka buga a kan kowane ɓangare, wadda dole ta tafi daidai da bakin yadi. Sai 'yan alamomi masu kusurwa uku a gefe, waɗanda ke nuna inda wani ɓangare zai haɗu da ɗan'uwansa.

Inda ta samo asali

Wannan abu ɗan Amurka ne da Turai, kuma bukatar can ce ta haife shi. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, macen da ke ɗinka wa iyalinta kan warware tsohuwar riga ta kwafi ɓangarorinta, ko ta yi fama da ƙaramin zanen da mujalla ta buga, wanda sai an faɗaɗa shi da hannu. Elias Howe ya yi rajistar keken ɗinkinsa a 1846, Isaac Singer ya yi ta nasa a 1851, ba a daɗe ba keke ya fara shiga gidaje. Keke ya sauƙaƙa haɗawa, amma bai koya wa kowa yanka ba, alhali tufafin matan Turawa masu bin jiki ne, cike da lanƙwasa, kuma kuɗin tela ya fi ƙarfin gidaje da yawa.

Wajen 1860 Ellen Demorest tana sayar da takardun yanka ta hanyar mujallarta a birnin New York. A 1863 wani tela mai suna Ebenezer Butterick, a garin Sterling na jihar Massachusetts, ya fara sayar da su a lambobi daban-daban, yadda mai saye zai zaɓi wadda ta fi kusa da jikin da za a ɗinka wa. Da kayan maza da na yara maza ya fara, sai a 1866 ya shiga na mata. James McCall, tela ɗan Sikotilan, ya kafa nasa kamfanin a 1870. Mujallar Vogue ta fara sayar da nata a 1899. Kamfanin Simplicity ya zo a 1927, kuma da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga 1929, takardunsa masu araha na santi 15 sun rufa wa gidaje da yawa asiri. Waɗannan sunaye huɗu, Butterick da McCall's da Vogue da Simplicity, su suka riƙe kasuwar Amurka shekara da shekaru. Takardun farko ba su da rubutu ko kaɗan, sai huji-huji da tsaga. McCall ne ya fara buga layi da bayani a jikinsu a farkon shekarun 1920.

A Jamus, Aenne Burda ta fara fitar da mujallar Burda Moden a garin Offenburg a 1950, lokacin da ƙasar ke farfaɗowa daga yaƙi, mata suna sha'awar salon Faris amma babu kuɗin saye. Daga 1952 aka riƙa saka babbar takarda a tsakiyar mujallar, ɗauke da ɓangarorin riguna masu yawa an zana su kan juna, mai ɗinki ta bi layin nata ta kwafe. A 1987 mujallar ta shiga Tarayyar Sobiyet da harshen Rashanci. Daga baya, da kayan kanti na masana'antun Asiya suka yi araha, ɗinkin gida a waɗannan ƙasashe ya tashi daga larura ya koma sha'awa.

Me ya sa ba ta zauna a ƙasar Hausa ba?

Ba rashin wayewa ba ne, kamar yadda wasu ke saurin faɗa. Tufafinmu na asali ba su bukace ta ba. Masaƙin gargajiya ƙyalle siriri yake fitarwa, a jera a haɗa ya zama zane ko riga. Babbar riga da buba da hijabi yawancin yankansu miƙaƙƙe ne, kuma sakewarsu tana da yawa, inci ɗaya ko biyu ba ya ɓata su. Gwanintar ta fi taruwa wajen aikin wuya da surfani. Da riga da siket da doguwar riga mai bin jiki suka shigo, teloli sun karɓe su da hanyar da suka gada: a ɗauki awo da tef, a zana da alli kai tsaye a kan yadi, a yanka. Yaro ko yarinya kan yi shekaru a gaban maigida ko uwar ɗaki har hannu ya faɗa. Ga shi kuma tela ba ya wuyar samu. Babu unguwar da ba a jin ƙarar keke.

Wannan hanya ba abin rainawa ba ce. Chinelo Bally, 'yar asalin Nijeriya da ke zaune a Ingila, ta kai zagayen ƙarshe a gasar ɗinki ta gidan talabijin na BBC a 2014 da wannan yanka na kai tsaye, kuma a 2015 ta fitar da littafi mai suna Freehand Fashion tana koya wa Turawa shi. Su ma can akwai masu neman kuɓuta daga takarda. A nan gida kuwa takardar ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya: makarantun koyon zanen tufafi suna koyar da zana ta, kuma masu ɗinka yunifom da yawa sukan yanka kwali su ajiye su riƙa ɗorawa.

Lambar jiki, inda yawancin ɓarna ke farawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi takarda ko a yanka ta bisa lambar da ke jikin rigar kanti. Lambobin ba ɗaya ba ne. Manyan kamfanonin Amurka sun daidaita jadawalinsu tun ƙarshen shekarun 1960, ba su sauya shi sosai ba, su kuwa masu kayan kanti sun yi ta faɗaɗa riguna suna barin lambar yadda take don mai saye ta ji daɗi. A jadawalin takarda, lamba 12 tana nufin ƙirji inci 34, ƙugu 26 da rabi, mazaunai 36. Lamba 14 ita ce 36 da 28 da 38. Lamba 16 kuwa 38 da 30 da 40. Macen da ke sa lamba 12 a kayan kantin Amurka tana iya samun kanta a 16 ko 18 a jadawalin takarda. Jikinta bai sauya ba. Don haka tef ne alƙali: a auna ƙirji da ƙugu da mazaunai a kan kaya marasa kauri, ba a matse ba, ba a saki ba, sannan a duba jadawali. Burda da kamfanonin Faransa da santimita suke lissafi, kuma lambobinsu daban ne, irin su 38 da 40 da 42, abin da ba zai zama baƙo ga masu ɗinki a Nijar ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Ko an dace da lamba, da sauran magana, domin jikin da aka zana wa takardar ba na mai ɗinkin ba ne. Manyan kamfanonin Amurka sun ɗauka tsawon mace santimita 165 zuwa 168 ne, kuma bambancin da ke tsakanin awon saman ƙirji, wato zagayen da ya bi ta ƙarƙashin hammata, da awon cikar ƙirji bai wuce inci 2 ba. Tarihin awon ma yana da nasa gurbin. Babban binciken da gwamnatin Amurka ta buga a 1941, wanda Ruth O'Brien da William Shelton suka jagoranta, ya auna mata kusan 15,000, amma awon farar fata aka yi lissafi da shi, kuma a kansa aka gina ma'aunin kayan kanti na 1958. Tunanin matsakaicin jiki a kasuwar tufafin can bai taso da matan Kano ko Damagaram a zuciya ba.

Abin da wannan ke haifarwa a aikace sananne ne. Mace mai cikar ƙirji, idan ta zaɓi lamba bisa awon cikar, sai kafaɗa ta zubo, wuya ya buɗe, ramin hannu ya yi zurfi, domin takardar ta ɗauka duk jikin ne ya girma. Dabarar da ƙwararru suka yarda da ita ita ce a zaɓi lamba bisa awon saman ƙirji don kafaɗa da wuya su zauna, sannan a tsaga takardar gaba a buɗa ta a wurin ƙirji kaɗai, a ƙara zurfin dat. Wadda mazaunanta suka fi samanta lamba ɗaya ko biyu kuwa, takardun zamani sun sauƙaƙa mata, tunda ana buga lambobi da yawa layi kusa da layi: sai ta bi layin 14 a ƙirji, ta karkata a hankali zuwa layin 18 a ƙasa. Tsawo kuma ba a ƙara shi a ƙasan riga kawai. Akwai layi biyu a jere da aka buga don haka, a nan ake yankewa a ƙara takarda ko a ninke, don ƙugun riga ya sauka a ƙugun mutum.

Sai batun sakewa. Kamfani yakan buga awon rigar bayan an gama ta, ko a ambulan ko a jikin takarda. Wannan adadi ya fi hoton gaskiya. A kwatanta shi da wata riga da ake jin daɗinta a gida, a nan za a gane ko ɗinkin zai matse ko zai yi burmi. Wannan yana da muhimmanci ga mai kula da sutura, domin salo da yawa na can gajeru ne, wuyansu a buɗe, hannunsu ɗan guntu. Ƙara tsawon riga ko na hannu ba shi da wuya. Ɗaga wuya yana bukatar a sake zana ƙyallen da ke kashe bakinsa ta ciki. Faɗaɗa hannu shi ya fi son natsuwa, tunda kan hannu dole ya ci gaba da dacewa da raminsa.

Alawus da injin buga takarda

Akwai tarko biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko alawus. Manyan kamfanonin Amurka sun riga sun saka shi a cikin takarda, yawanci biyar bisa takwas na inci, wato santimita 1.5. Takardun da ke cikin mujallar Burda babu shi sam, sai mai yanka ta ƙara. Ƙananan kamfanoni kowa da nasa. Wadda ta koyi ɗinki a wurin telan gida ta saba barin inci guda ko fiye a gefe, kuma idan ta ƙara wannan a kan takardar da ke da nata, sannan ta ɗinke a inda bayani ya ce, lissafin a fili yake: gefe biyu, baki huɗu, inci 4 sun ƙaru a zagayen riga. Wadda ta yanka ta Burda ba ta ƙara komai ba kuma rigar ba za ta shiga ba. Al'adar barin rara mai yawa tana da amfaninta, ita ke ba da damar buɗa riga idan jiki ya ƙaru ko ciki ya zo. Ana iya riƙe ta, muddin an fara zana ainihin layin ɗinki da alli.

Na biyu ya shafi takardun da ake saye ta intanet, waɗanda su ne suka fi sauƙin isowa gare mu. Fayil ake turowa, a kai shagon kwamfuta a buga a takardu masu yawa, a jera a manne. Injin yakan rage girman shafi da kansa don ya shige takarda, musamman da yake takardar ofis ta Amurka ba girmanta ɗaya da A4 da muke amfani da ita ba. Idan ya rage kashi 5 cikin 100, ƙirji mai inci 40 ya koma 38, an sauka lamba guda ba a sani ba. Shi ya sa ake zana ɗan murabba'i a shafin farko da awonsa a rubuce. A sa mai shago ya buga wannan shafi shi kaɗai a cikakken girmansa, a auna da tef, sannan a buga sauran.

Idan yadin atamfa ne

Jadawalin bayan ambulan yana lissafa yadi ne bisa faɗi biyu, inci 45 da inci 60. Atamfa tana kusa da na farkon, kuma turmi mai yadi 6 yakan ishi doguwar riga har a samu ɗankwali. Matsalar tana wajen adon. An tsara atamfa da yawa ne don a ɗaura ta zane, bakinta ɗaya a ƙugu ɗaya a idon sawu, saboda haka furanni da tsuntsayen da ke jiki suna tsaye ne idan an riƙe ta a haka. Takardar yanka kuwa ta ɗauka tsawon riga zai bi tsawon yadi. Wadda ta bi kibiya ido rufe tana iya samun adonta a kwance. Telolinmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke yanka atamfa ta faɗinta. Ana iya yin haka da takarda, tunda atamfa saƙar auduga ce mai tsayawa, amma sai a juya dukkan ɓangarorin fuska ɗaya, kuma a tuna cewa faɗin ba zai kai daga kafaɗa zuwa ƙasa ga doguwar mace ba, sai an yi haɗi a ƙugu ko an ƙara tattara a ƙasa.

Babban ado yana cin yadi fiye da abin da jadawali ya faɗa, domin sai an daidaita shi a tsakiyar gaba, an kuma haɗa shi a bayan riga inda zif yake. A nan idon tela ya fi takarda nesa ba kusa ba: takarda ba ta san inda babban fure zai faɗo a jikin mutum ba. Haka kuma a kula da abin da ambulan ya ce game da irin yadi. Takardar da aka zana wa yadi mai talewa kamar na singileti ƙarama ce da gangan, wani lokaci ma ta fi jiki ƙanƙanta, kuma idan aka yanka atamfa ko shadda da ita ba za ta sawu ba. Auduga tana shan ruwa ta ɗan tsuke, don haka wanke atamfa da goge ta kafin yanka ya fi aminci. Shadda kuwa da yake wanki yana rage mata ƙyalli, yawanci ba a yi mata haka, sai a bar mata 'yar rara.

Duk waɗannan gyare-gyare ba a tabbatar da su sai an sa a jiki. Saboda haka ne manyan gidajen ɗinki na Faris, da duk gwanintarsu, suke fara ɗinka riga da farin ƙyalle mai araha kafin su taɓa yadin gaske. Akoko ko tsohon zanen gado ya isa. A yanka sama kaɗai, a haɗa da dogon ɗinki, a sa, a zauna, a ɗaga hannu, a sunkuya kamar za a yi ruku'u. Inda ya ja a saki, inda ya yi jaka a kama da fil, sannan a mayar da gyaran kan takarda. Masu farawa sun fi tsallake wannan mataki saboda ɗoki, kuma shi ne ya fi kowanne hana asara.

Masu goyon baya da masu suka

Masu goyon baya suna kafa hujja da cewa takarda ba ta mantuwa. Idan an gyara ta ta zauna a jiki, za a iya fitar da riga goma iri ɗaya, hannun dama daidai da na hagu, ko bayan shekara. Suna kuma ganin ta a matsayin malama ga macen da ba ta da halin zama shagon koyo, tunda takardar bayani tana koya tsarin aiki: a fara da dat, a haɗa kafaɗa, a kashe wuya, a goge kowane ɗinki kafin wani ya ratsa shi. Ga wadda ba ta son namijin tela ya ɗauki awonta, wannan ma ƙofa ce.

Masu suka suna cewa wadda ta dogara da takarda tana bin layi ne ba tare da sanin dalilinsa ba, ranar da aka kawo mata salon da babu takardarsa sai ta tsaya. Suna ƙarawa da cewa bayanin da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci yake zuwa, da kalmomin sana'a da ko mai ilimin boko sai ya yi tambaya, kuma salon bai cika dacewa da abin da ake sawa a bikinmu ba. Telan da ke da ɗinki jibge a goman ƙarshe na azumi zai ce kafin a gama manna takardu ya yanka riga uku, kuma gaskiya ya faɗa.

Idan aka auna, hujjar masu suka ta fi ƙarfi a shagon kasuwa, ta masu goyon baya ta fi ƙarfi a ɗakin mai koyo. Amma zancen cewa takarda tana hana fahimta bai cika tsayawa ba. Wadda ta tsaga takarda ta buɗa ƙirji da hannunta ta ga yadda dat ke aiki ƙarara, abin da mai koyo a shago kan daɗe yana kwaikwaya kafin ya gane. Abin da ba shi da tushe shi ne tallar da ake yi cewa takarda tana mai da mutum tela a kwana ɗaya. Yanka kawai ta ɗauke, shi ma ba duka ba. Miƙar da ɗinki, sa zif, haɗa hannu ba tare da tattara ba, kalmasa mai kyau, duk suna nan suna jiran hannu.

Kuɗi da haƙƙin mai zane

A da, a Amurka da Turai ana ɗinki a gida ne saboda tela ya yi tsada. A wurinmu lissafin yakan juye. Takardar da dala ko yuro ake sayenta, ga kuɗin bugawa, ga akokon gwaji, ga lokaci. Idan riga ɗaya za a yi, sau da yawa telan unguwa ya fi sauƙi. Ribar tana fitowa ne idan an maimaita, kamar uwar da ke ɗinka wa 'ya'ya mata kayan Sallah da na Islamiyya, tana hawa lamba yayin da suke girma. Saboda haka kada a yanke takarda mai lambobi da yawa a kan lamba ɗaya. A kwafe a wata takarda a adana ta asali.

Akwai kuma haƙƙi. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa don amfanin gida suka sayar, ba don ɗinkin sayarwa ba, ko da yake wasu ƙanana suna ba da izini. Dokar kowace ƙasa daban ce a kan rigar da aka ɗinka, amma tura fayil ɗin da mutum ɗaya ya saya zuwa zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane cin gumin wanda ya zana ne, kuma da yawa daga cikin masu zanen nan mata ne masu ƙaramar sana'a.

Inda lamarin ya dosa

Tsofaffin kamfanonin suna cikin wani hali. A 2025 Joann, mai shagunan yadi kusan 800 a Amurka kuma babbar kafar sayar da takardun, ya rufe su duka. A shekarar ce kuma kamfanin da ya tattara sunayen nan huɗu a hannunsa ya shiga kotun masu karayar arziki, kafin a samu waɗanda suka sayi sashen takardun. Kasuwar tana komawa hannun ƙananan masu zane da ke sayarwa ta intanet, waɗanda da yawansu suka faɗaɗa lambobi, suna kuma fitar da gaban riga iri-iri bisa cikar ƙirji.

Babu alamar wannan zai karɓe abincin telolinmu. Mai zuwa wurin tela ba yanka kaɗai take saye ba, tana sayen ido da shawara da aikin wuya da saurin hannu. Tasirin da ya fi yiwuwa shi ne a kan inganci: mai ƙaramin shago da ke son sayar da ɗinkakkun kaya daga Kano zuwa Abuja ko Yamai ba tare da ta ga mai saye ba, dole lambobinta su tsaya a wuri ɗaya, kuma hakan ba ya samuwa sai da takarda.

Giɓin da ke akwai a fili yake. Mai keke a Sakkwato ko Maraɗi tana bukatar takardar doguwar riga da abaya da kayan yara, wadda aka zana bisa awon matanmu, aka lissafa ta da turmi da falle, aka rubuta bayaninta da Hausa. Waɗanda suka karanta zanen tufafi a kwalejojinmu da ƙwararrun teloli mata su ne za su iya wannan aiki, kuma ya kamata su fara. Kafin nan, wadda ke son gwadawa ta soma da riga mai sauƙi marar zif, ta auna jikinta da tef, ta karanta bayanin tun daga farko har ƙarshe, kuma kada almakashinta ya taɓa atamfa sai ta sa ta akoko a jiki ta gamsu.